Tarihin Binciken Injiniyancin Sinadarai da na Muhalli

Injiniyancin sinadarai shi ne ilimin da ke ɗaukar abin da masanin kimiyya ya haɗa a 'yar kwalba, ya mayar da shi abin da masana'anta za ta riƙa fitarwa tan-tan a kullum, ba tare da tukunya ta fashe ko jari ya narke ba. Injiniyancin muhalli kuwa sha'aninsa ruwan sha ne da ruwan kwata da hayaƙi da shara: yadda ake auna cutarsu, da yadda ake rage ta. A jami'o'i da dama sashe ɗaya ke riƙe da su biyun. Wannan ba haɗin gambiza ba ne, domin tun farko ƙazantar masana'antu da ta birane ce ta haife su, kuma birnin Mancesta na Ingila yana da hannu a haihuwar kowannensu.

Hayaƙin soda da mai duba masana'antu

A 1791 Bafaranshe Nicolas Leblanc ya yi rajistar dabarar yin soda daga gishiri. Soda 'yar'uwar kanwa ce, kuma masu sabulu da gilashi da yadi ba su da makawa sai da ita. Masana'antun da suka bi dabararsa a arewacin Ingila suna sakin iskar asid mai ƙona amfanin gona da itatuwa. William Gossage ya ƙirƙiro maganin abin tun 1836, wato hasumiya wadda hayaƙi ke hawa cikinta ruwa yana sauka yana shanye asid ɗin, amma masu masana'antu da yawa ba su ga dalilin kashe kuɗi a kanta ba sai da majalisa ta yi doka a 1863 cewa dole a kama kashi 95 cikin 100 na wannan iska. Robert Angus Smith aka naɗa shugaban masu duba bin dokar.

Cikin masu dubawar akwai George E. Davis. Aikinsa ya ba shi abin da babu wani mai masana'anta da ke da shi: damar shiga kamfanoni barkatai waɗanda kowanne ke ɓoye sirrinsa. Da ya zazzaga, sai ya lura cewa mai soda da mai rini da mai sabulu duk abu guda suke maimaitawa. Su dafa, su tace, su busar, su niƙa, su tura ruwa ta bututu. A 1887 ya gabatar da laccoci 12 a makarantar fasaha ta Mancesta a kan wannan fahimta, a 1901 kuma ya fitar da littafin jagora na farko a fannin. Ingila ba ta karɓe shi hannu bibbiyu ba. Ƙungiyar injiniyoyin sinadarai ta ƙasar sai a 1922 aka kafa ta, bayan rasuwarsa.

Amurka ce ta ɗauki abin da gaske. Lewis Norton ya buɗe kwas na shekara huɗu a jami'ar MIT a 1888, jami'o'in Pennsylvania da Tulane da Michigan suka biyo baya kafin ƙarnin ya ƙare, aka kafa ƙungiyar injiniyoyin sinadarai ta Amurka a 1908. A 1915 Arthur D. Little ya rubuta wa MIT rahoton da ya zama ginshiƙin koyarwa: kowace masana'anta, komai girmanta, jerin ayyuka ne guda-guda, kuma ɗalibin da ya naƙalci waɗannan ayyuka zai iya aiki a matatar mai ko kamfanin sukari ko na siminti. Littafin Walker da Lewis da McAdams na 1923 ya sa wa ra'ayin lissafi. Daga nan ne bincike ya samu abin kamawa, domin yanzu ana iya tambayar yadda zafi ke ratsa bututu ba tare da an damu da abin da ke cikinsa ba.

Jamus ta bi wata hanya dabam, inda masanin sinadarai da injiniyan ƙarfe ke aiki kafaɗa da kafaɗa. A 1909 Fritz Haber ya nuna a Karlsruhe cewa ana iya yin amoniya daga iska, Carl Bosch na kamfanin BASF ya sha fama da tukwanen ƙarfen da ke tsagewa saboda matsi, kafin masana'antar Oppau ta fara aiki a 1913. Takin yuriya da manomi ke watsawa a gonar masara daga wannan amoniya ake yin sa. Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wa fannin gudu: binciken Warren Lewis da Edwin Gilliland ya taimaka wajen gina sabuwar matatar fasa ɗanyen mai a Baton Rouge a 1942, Margaret Hutchinson Rousseau kuma, mace ta farko da ta yi digirin digirgir a fannin a MIT, ta yi aiki a kan manyan tankunan noman maganin fenisilin.

Ruwan sha da ruwan kwata

Ɗaya reshen, wato injiniyancin muhalli, ya tsiro ne daga kwalara da taifot. John Snow ya danganta annobar kwalarar Landan ta 1854 da famfon titin Broad, amma gano cewa ruwa na ɗauke da cuta abu ne dabam da sanin yadda za a tsabtace shi. Wurin da aka fara wannan bincike bisa tsari shi ne tashar gwaji ta Lawrence a jihar Massachusetts, wadda aka kafa a 1887 a bakin kogin Merrimack. Hiram Mills ya jagorance ta, malaman MIT irin su William Sedgwick da Thomas Drown suka ba da gudummawa, Ellen Swallow Richards kuma ta yi aikin auna ruwan jihar. Sun jera tankuna cike da yashi iri-iri suna zuba musu ruwan kwata, har suka tabbatar da cewa ƙananan halittun da ke zaune a jikin yashin ne ke cinye ƙazantar, ba tacewa kaɗai ba ce. Birnin Lawrence ya gina matatar yashi a 1893, mace-macen taifot suka ragu ƙwarai. A 1908 John Leal ya fara zuba kulorin ba yankewa a ruwan birnin Jersey.

A 1912 Gilbert Fowler na jami'ar Mancesta ya ziyarci Lawrence, ya ga ana hura iska cikin kwalaben ruwan kwata. Da ya koma gida, ya ba Edward Ardern da William Lockett, masu aiki a matatar ruwan kwata ta Davyhulme, shawarar su gwada. Suka cika kwalabe, suka yi ta hura iska. Sai da aka kai kusan mako biyar kafin ruwan ya tsarkaka, wanda ba wani birni da zai iya jira. Abin da suka yi bayan nan shi ne ya canza tarihi. Maimakon su zubar da lakar da ta kwanta a gindin kwalba, sai suka tsiyaye ruwan sama kawai, suka zuba sabon ruwan kwata a kan tsohuwar lakar. Kowane zagaye lakar na ƙaruwa, lokaci na raguwa, har mako biyar ya koma awa 24. Kamar dai mai nono ce da ke barin ragowar tsami a ƙwarya don sabuwar madara ta kama da wuri. Lakar nan cike take da bakteriya masu yunwa, shi ya sa ake kiranta laka mai rai. Sun gabatar da sakamakon a watan Afrilun 1914 a gaban ƙungiyar masana'antun sinadarai, wadda Davis yana cikin waɗanda suka kafa ta. Har yau wannan dabara ce ƙashin bayan matatun ruwan kwata na manyan biranen duniya.

A daidai wannan zamani wata hukumar gwamnatin Birtaniya ta tsayar da gwajin da ake auna ƙarfin ƙazantar ruwa da shi: a rufe samfur a kwalba kwana biyar, a ga yawan iskar oksijin da bakteriya suka shanye. An zaɓi kwana biyar ne da la'akari da gajerun kogunan Ingila masu sanyi, amma ɗalibi a Kano ko Yamai yau ma kwana biyar ɗin yake jira. Indiya ta yi wa kanta gyara, ta amince da kwana uku a zafin digiri 27. A 1925 Harold Streeter da Earle Phelps suka fitar da lissafin yadda oksijin ke raguwa sannan ya farfaɗo a kogin Ohio bayan an zuba masa ƙazanta.

Rabuwa da sake haɗuwa

Tsawon rabin ƙarni rassan biyu kowa ya kama gabansa. Masu ruwa da kwata suna ƙarƙashin injiniyoyin gine-gine, ana kiran fanninsu injiniyancin tsabta, kuma a gaskiya akasarin aikinsu gwaji ne da gogewa. Masu sinadarai kuwa suka nutsa cikin lissafi. A 1953 Peter Danckwerts na Cambridge ya bayyana yadda za a auna tsawon zaman da ruwa ke yi cikin tanki, a 1960 kuma Bird da Stewart da Lightfoot na jami'ar Wisconsin suka nuna cewa gudun ruwa da ratsawar zafi da yaɗuwar sinadari duk lissafi iri ɗaya ke tafiyar da su. Fannin ya samu daraja a idon masana kimiyya, sai dai abin da ke fita ta bututun bayan masana'anta bai cika damun manhajar ba.

Bala'i ne ya dawo da su wuri guda. Hazo mai guba ya kashe mutum 20 a garin Donora na Amurka a 1948. Na Landan, a Disambar 1952, an fara ƙiyasta ya kashe kimanin 4,000, daga baya masu bincike suka ce adadin zai iya kai 12,000. A shekarar ce Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya nuna cewa hazon Los Angeles hayaƙin mota ne da na matatun mai da hasken rana ke dafawa a sama, wato sararin birni ma tukunyar sinadarai ce. Amurka ta kafa hukumar kare muhalli a 1970, kuɗin bincike suka samu, sassan injiniyancin tsabta suka koma injiniyancin muhalli. A shekarar dai Alonzo Lawrence da Perry McCarty suka ɗora zanen matatar laka mai rai a kan lissafin girman bakteriya, shekara 56 bayan kwalaben Davyhulme.

Bincike ya kuma riƙa tona asirin nasarorinsa na baya. A 1974 Johannes Rook ya gano a Rotterdam cewa kulorin, wanda ya ceci miliyoyin rayuka, yana haɗuwa da ruɓaɓɓen ganye a ruwa ya haifar da sinadarai masu illa. Ba a daina amfani da shi ba, sai dai an koyi tsabtace ruwa sosai kafin a zuba. A 1974 ɗin dai masana'antar Flixborough ta fashe a Ingila ta kashe mutum 28, shekara goma bayan haka iskar gubar Bhopal ta Indiya ta hallaka dubbai a dare ɗaya. Trevor Kletz ya yi ta jan hankalin injiniyoyi cewa gara a rage ajiyar sinadari mai haɗari tun a zane da a tara shi ana gadi. Paul Anastas da John Warner sun faɗaɗa irin wannan tunani a 1998 da ƙa'idoji 12 na haɗa sinadarai ba tare da tara guba ba.

A ƙasashenmu

A Najeriya, shigo da sharar guba garin Koko a 1988 shi ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyancin sinadarai da kuma na albarkatun ruwa da muhalli, ruwan majemun Challawa da Sharaɗa a Kano kuwa ya daɗe yana cikin abubuwan da ɗalibai ke aunawa. Gubar dalmar da ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara a 2010, sakamakon niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400, kuma maganin bai tsaya a asibiti ba: sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa.

Akwai kuma inda ilimi ya taso daga ƙauye ya shiga jami'a. Samia Al Azharia Jahn ta yi nazarin yadda matan karkara a Sudan ke daka irin zogale su zuba a ruwan Nilu mai laka ya kwanta, aikin da alif ke yi a matatun gwamnati. Daga baya aka gano cewa wani furotin ne a cikin irin ke jawo ƙwayoyin laka su dunƙule. Tun daga lokacin an rubuta kundaye masu yawa a jami'o'inmu a kan zogale, da gawayin ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa wajen tsotse guba daga ruwa. Mafi yawansu a kofin gilashin ɗakin gwaji suke tsayawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙaramar matatar gwaji da za ta yi wata shida tana aiki da ainihin ruwan majema, a san nawa tsabtace kowace lita zai ci.