3.2 Asalin Inshorar Motocin Tarihi

A wannan sashe za a duba dalilin da ya sa motocin tarihi suka samu inshora ta daban. A shekarar 1930 Birtaniya ta kafa dokar da ta wajabta wa masu motoci yin inshora, domin biyan diyya ga wanda suka ji wa rauni. To amma inshorar da aka saba tana lissafi ne bisa cewa kullum darajar mota raguwa take yi. Motar tarihi kuwa sau da yawa ƙara tsada take yi. Alal misali, a 2022 an sayar da wata Mercedes ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135.

Saboda haka kamfanoni irin su Hagerty na Amurka, wanda ya shiga harkar a 1991, suke yanke darajar motar tare da mai ita tun farko. In ta ƙone ko aka sace, wannan kuɗi za a biya cif, muddin an ajiye ta a gareji, ba a kuma mayar da ita motar zirga-zirgar yau da kullum ba. Ke nan wanda ya zaɓi inshorar gama-gari yana iya tafka babbar asara.