Sandar Fatsa ta Gora: Tarihinta da Marubutan da Suka Raya Ta

Sandar fatsa ta gora sanda ce siririya da ake haɗawa da tsagin gora guda shida, a feƙe kowanne, a manne su wuri ɗaya. Ana aiki da ita a wani salon kamun kifi da ya bunƙasa a Ingila da Amurka, wanda ba a sa tana a ƙugiya. Masunci yakan naɗa gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiyar har ta yi kama da ƙwaro, ya jefa ta a kan ruwa, kifi ya zaci abinci ne ya kawo cafka. Tunda ƙugiyar ba ta da nauyi, kuma ba a ɗaura mata dalma, igiyar ce ke da nauyin jifa. Dole sandar ta lanƙwashe ta miƙe a daidai lokacin da ake so, ta cilla igiyar gaba. Duk tarihinta neman wannan lanƙwasar ne.

Fatsa da gora a ƙasarmu

Bahaushe ya san fatsa, ya kuma san gora, sai dai kowacce da aikinta. A Gamu, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, babu kogi mai gudu. Ruwan rijiya ne, sai tabkunan da damina ke cikawa rani ya shanye. Kifin da ya fi shiga tukunya a wannan yanki banda ne, irin wanda ke fitowa daga Tafkin Chadi da Komadugu ta hanyar Difa da ta ratsa Gure. Inda ruwa ke daɗewa, kamar tabkin Gidimuni, ana samun tarwaɗa da karfasa. Yaro ya sami reshe miƙaƙƙe, ya ɗaura zare da ƙugiya, ya soka tana, ya maƙala ɗan toton kara a zaren, ya zuba masa ido har ya ga ya nutse. Masuncin da ke ci da iyali kuwa ba ya tsayawa jiran kifi ɗaya. Mamari yake shimfiɗawa, ko kalli, ko ya jefa birgi, ko ya kafa gura. Ko a bikin Argungu, wanda aka soma a 1934, homa ce abar alfahari. Ita gora daga kudu ake kawo ta, kuma an fi ganinta a hannun makiyayi da mai gadi, ko a rufin ɗaki.

Kafin gora

Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke kama kifi da jan ulu da gashin zakara. A Ingila an buga ɗan littafi kan fatsa a 1496, sannan Izaak Walton ya fitar da nasa mashahurin littafin a 1653, abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa sashe kan fatsar ƙwaron gashi a 1676. Sandunan wancan zamani na itace ne, dogaye masu nauyi, igiyarsu kuma gashin wutsiyar doki ne da aka tufka.

Zamanin tsagi shida

An fi danganta soma wannan haɗi a Amurka ga Samuel Phillippe, maƙerin bindiga a garin Easton na jihar Pennsylvania, cikin shekarun 1840. Amma wanda ya mai da shi sana'a sosai shi ne Hiram Leonard na garin Bangor a jihar Maine, shi ma maƙerin bindiga, wanda ya shiga aikin wajen 1871. Ya ƙera injin da ke feƙe tsagi daidai wa daida, ya kuma ɓoye shi daga idon jama'a. A 1881 ya koma Central Valley a jihar New York. Yaran shagonsa irin su Edward Payne da Fred Thomas da Eustis Edwards daga baya kowa ya buɗe nasa, sunansa ya zama abin nema. A Ingila kuma gidan Hardy na garin Alnwick, wanda aka kafa a 1872, ya yi fice.

Da fari gorar Indiya ake amfani da ita, wadda ake lodi daga Kalkata. Daga baya aka gano wata da ta fi ta, wadda 'yan kasuwa ke kira Tonkin, alhali a kudancin Sin take fitowa, a tuddan da ke gefen kogin Sui, kusa da iyakar Guangdong da Guangxi. Masanin tsirrai Floyd McClure ne ya yi bayaninta a kimiyyance a 1931. Fifikonta shi ne jijiyoyin da ke ƙarƙashin bayanta suna da yawa a cushe, gaɓoɓinta kuma suna da tazara.

Aikin kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Mai haɗi yakan ɗauki busasshiyar gora mai tsawon kusan mita 3 da rabi, ya tsaga ta gida-gida. Kowace gaɓa sai ya goge ta da zarto, ya gasa, ya danne ta ta kwanta. Sai ya kwantar da tsagin a cikin wani ƙarfe mai kwari a tsakiya, ya riƙa bi da abin fiƙa yana ɗebe totuwar ciki, yana barin ɓangaren baya inda ƙarfin yake, har tsagin ya zama mai kusurwa uku, kowace digiri 60, yana sirancewa daga gindi zuwa kai. A can ƙarshen, tsagi ɗaya bai kai kaurin tsinken ashana ba. Kuskuren da bai wuce kaurin gashi ba yana iya barin kafa idan an zo mannewa. Bayan gam ya kama, a miƙar da sandar da zafi, a ɗaure mata zobban da igiya ke bi da zaren siliki, a sa mariƙi, a shafe ta da man ƙyalli. Sanda ɗaya takan ci awa 40 ko fiye.

Faɗuwa da farfaɗowa

Abu biyu suka karya kasuwar sandar gora. A 1947 kamfanin Shakespeare ya fito da sandar zaren gilas, mai araha, wadda ruwa ba ya ɓata ta. A 1950 kuma, saboda yaƙin Koriya, Amurka ta hana ciniki da Sin, gorar Tonkin ta daina shigowa, sai wanda ya tara a rumbu. Da Fenwick ta kawo sandar garafait a 1973, mai sauƙin ɗauka da nisan jifa, kasuwar gora ta ƙara faɗuwa.

Rubutu ne ya ceci sandar gora. Everett Garrison injiniya ne da ya lissafa yadda kowane taƙi na sanda ya kamata ya lanƙwashe. Ya rasu a 1975, amma Hoagy B. Carmichael ya tattara iliminsa ya buga shi littafi a 1977. Sirrin da masu shaguna ke rufewa ya fito fili, mutane suka soma haɗa sanda a ɗakunan ajiyarsu. A ganina wannan ne babban abin lura ga mai karatu a ƙasar Hausa, domin masaƙan gura da masu sassaƙa kwale-kwale na da ilimin da bai gaza wannan ba, kuma mafi yawansa a ka yake.

John Gierach

Cikin waɗanda suka sa jama'a son gora, babu kamar John Gierach. An haife shi a 1946, ya zauna kusa da garin Lyons a jihar Colorado, inda kogin St. Vrain ke gangarowa daga duwatsu. Littafinsa Trout Bum na 1986 ya ba shi suna, ya kuma rubuta littattafai fiye da 20. A 1997 ya fitar da Fishing Bamboo, gajeren littafi kan sandunan gora da masu yin su. Abin da ya sa aka ƙaunace shi, bai rubuta wa masu tara sanda su rataye a bango ba. Da nasa sandunan yake shiga ruwa, ciki har da na maƙwabcinsa Mike Clark, mai shagon haɗa sanda a Lyons. Ya nuna cewa gora ta fi garafait nauyi da nawa, amma wannan nawar ce ke koya wa hannu natsuwa, musamman a ƙananan rafuka inda ba a bukatar jifa mai nisa. Ya rasu ranar 3 ga Oktoba, 2024.

Yau ana haɗa sandar gora a Amurka da Turai da Japan, yawanci a ƙananan shaguna na mutum ɗaya ko biyu, kuma wadda ƙwararre ya yi takan haura dala 1,000. Salon fatsar ya iso kusa da mu, domin baƙi na zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru neman tsage da giwan ruwa, sai dai ƙarfin waɗannan kifaye ya sa garafait suke riƙewa. Gorar da ake tsagawa kuwa har yanzu yawanci daga gefen kogin Sui ake saro ta.