Wa ke da alhakin janye tirelar da ta mutu a Kwadon?

Kwadon na kan hanyar da ta fita daga Gombe ta nufi Dadin Kowa da Biu, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Garin kasuwar kayan gwari ne, titinsa ba ya rabuwa da manyan motoci. Idan tirela ta mutu a nan, abin da za ka fara gani shi ne ganyen da karen mota ya karyo ya jera a kan kwalta, sai duwatsu a bayan tayoyi. Janwe kuwa, wato motar da ke janye matacciyar mota, sai an nemo ta, an kuma yi ciniki.

Ita janwe baƙuwa ce. Wani bakanike ɗan Amurka, Ernest Holmes, ya fara ƙera ta a garin Chattanooga a 1916. A Ingila 'yan sanda sun daɗe da sakar wa kamfanoni wannan aiki bisa kwangila rubutacciya: akwai wa'adi, gwamnati ce ke yanka farashi, in wa'adin ya cika a sabunta ko a ba wani.

Mu tamu hanyar daban ce, kuma daga jirgin ƙasa ta faro. Layin dogo ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, kuma a lokacin shi ke ɗaukar auduga da gyaɗa. Da harkar jirgi ta durƙushe, nauyin duk ya dawo kan kwalta: simintin Ashaka, man fetur, hatsi, shanu. Titunan ba a yi su don wannan lodi ba, motocin kuma galibinsu sun tsufa tun kafin su shigo ƙasar.

A farko aikin 'yan sanda ne su share hanya, amma ba su da kayan aikin. A Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Cikin ayyukan da doka ta ɗora mata har da kawar da duk abin da ya tare babbar hanya, dokar 2007 ta sake jaddada hakan. Jihohi ma suka shigo da nasu hukumomin kula da hanya: Legas ta kafa LASTMA a 2000, daga baya Kano ta kafa KAROTA. Gombe, wadda aka cire daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta gaji titunan tarayya masu tsawo da ke ɓullewa Bauchi, Yola, Biu da Potiskum.

To, doka ta ba hukuma iko, amma ba ta saya mata ƙarfe ba. Janwen da za ta iya ɗaga tirela mai ɗauke da buhu 600 na siminti kuɗinta ba kaɗan ba ne, hukuma kuwa ba ta da isassu. Giɓin sai 'yan kasuwa suka cike shi, tare da kanikawa da 'yan yuniyon na direbobi. Jami'i ya kira mai janwe, mai janwe ya faɗi kuɗinsa, direba ya buga wa maigidansa waya. Kafin a daidaita, motar na iya kwana a inda take, cikin duhu, ba fitila.

A ganina matsalar ba shigowar 'yan kasuwa ba ce, domin ba don su ba da abin ya fi haka muni. Matsalar ita ce an miƙa musu aikin a bakin titi, ba a kan takarda ba. Mai kwangila in ya yi jinkiri ana iya hana shi sabuntawa. Wanda aka kira a waya kuwa ba ya tsoron rasa komai, kuma mai tumatir da ya maƙale a bayan tirelar ba shi da ofishin da zai kai ƙara.