Badagiri: Tsohuwar Ƙofarmu Ta Bakin Teku

Jama'a, yaranmu na Keffi da ke zuwa Kwatano sayen motoci sukan ratsa Badagiri a guje, alhali kuwa garin yana riƙe da tarihinmu. Ta nan ne Bature Clapperton ya kamo hanyar Sakkwato a 1825, inda ya rasu a 1827. Ta wannan gaɓar kuma, da Ikko da Wida, aka yi ta lodin bayi zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, cikinsu har da Hausawa, waɗanda suka shirya tawaye a can a 1807.

To, duk wanda Allah ya kai shi, ya daure ya tsaya. Ya ga sarƙoƙin bayi a gidan tarihi, da tsohon benen mishan na 1845, sa'annan ya shiga kwalekwale ya haye tsibirin Gberefu, inda ake fita da bayin.

Iyakar Seme tana gaba kaɗan. An rufe ta a 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe, 'yan kasuwarmu suka sha asara. Saboda haka a riƙe takardu cikakku, a sauka wurin 'yan'uwa a zango. Allah ya kiyaye hanya, amin.