Black Panther (2018): Tarihin Yadda Masu Sharhi da 'Yan Kallo Suka Karɓe Shi

Black Panther fim ne na kamfanin Marvel Studios da aka saki a Amurka ranar 16 ga Fabrairu, 2018. Ryan Coogler ne ya ba da umarni, shi da Joe Robert Cole suka rubuta labarin. Chadwick Boseman ya fito a matsayin T'Challa, sarkin Wakanda, wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka da Turawan mulkin mallaka ba su taɓa takawa ba, wadda ta ɓoye arzikinta da fasaharta daga idon duniya. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 200, ya kuma tara fiye da dala biliyan 1.3, miliyan 700 daga ciki a Amurka da Kanada. A finafinan da ake ɗauko labarinsu daga mujallun zane an saba ganin masu sharhi sun ja gefe, masoya sun ja nasu gefen. Wannan karon ɓangarorin biyu sun haɗu a kan yabo, gardamar sai ta koma tsakanin baƙaƙen fata su da kansu: wace Afirka ce wannan, kuma da wa fim ɗin yake magana?

Asalin labarin

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro T'Challa, ya fara bayyana a mujallar Fantastic Four fitowa ta 52, a watan Yulin 1966. Watanni uku bayan haka Huey Newton da Bobby Seale suka kafa ƙungiyar Black Panther a birnin Oakland, mahaifar Coogler. Haɗuwar sunayen ta dami Marvel har ta sauya wa jarumin suna na ɗan lokaci a 1972. Erik Killmonger, abokin gabarsa, ya fito ne daga alƙalamin Don McGregor a 1973, rundunar mata ta Dora Milaje kuma daga rubutun Christopher Priest a 1998. Tun a 1992 ɗan wasa Wesley Snipes ya fara neman a mai da labarin fim, abin bai yiwu ba, sai da Boseman ya saka rigar a Captain America: Civil War na 2016.

Karɓuwa

Masu sharhi sun yaba shi ƙwarai, makinsa a shafin Rotten Tomatoes ya tsaya a kashi 96 cikin 100. 'Yan kallon da kamfanin CinemaScore ya tambaya a ƙofar sinima sun ba shi A+, maki mafi girma. Tun kafin fim ɗin ya fito wata ƙungiya a Facebook ta shirya zuba masa mummunan maki don ta kassara shi, Facebook ya rufe ta. A ƙarshen makon farko ya tara dala miliyan 202 a Amurka da Kanada.

Alƙaluma ba su nuna yadda ranakun suka kasance ba. Mutane sun je sinima cikin atamfa da kente da manyan riguna, coci-coci da makarantu sun sayi tikitin ɗakin kallo gaba ɗaya. Wani mai suna Frederick Joseph ya buɗe asusun tara kuɗi don a kai yaran unguwar Harlem su kalla, wasu garuruwa suka bi sahu. Lupita Nyong'o, ɗaya daga cikin 'yan wasan fim ɗin, ta biya wa ɗaliban Kisumu da ke Kenya kuɗin kallo. Ga ɗan baƙar fata a Amurka da ya girma yana ganin irinsa a fim a matsayin bawa ko ɗan daba ko abokin jarumi da ake kashewa da wuri, ganin sarki da janar da masaniyar kimiyya duk baƙaƙe ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya raina wannan farin ciki bai san ƙishirwar da ta haife shi ba. A Saudiyya kuwa, shi ne fim ɗin da aka buɗe sinima da shi a Riyadh ranar 18 ga Afrilu, 2018, bayan haramcin kusan shekara 35.

Suka a kan sana'ar fim ɗin bai yi yawa ba. Abin da aka fi ambata shi ne faɗan ƙarshe a ramin haƙar ma'adini, inda aikin kwamfuta ya fito fili har jaruman suka rasa nauyin jiki.

Gardamar Killmonger

Michael B. Jordan ya taka rawar Killmonger, ɗan gidan sarautar Wakanda da aka yasar a Oakland yana yaro bayan an kashe mahaifinsa. Ya dawo ya karɓi gadon sarauta da niyyar raba wa baƙaƙen duniya makamai. Jama'a da yawa sun fito daga sinima suna cewa ai shi ne mai gaskiya. Masanin falsafa Christopher Lebron ya rubuta a Boston Review cewa fim ɗin ya zubar da mutuncin namiji baƙar fata na Amurka: shi ne kaɗai ya damu da waɗanda aka zalunta, amma an zana shi a matsayin mai kisa ba tausayi, aka kuma kashe shi, alhali jami'in CIA Everett Ross ya ƙare a sahun jarumai. Wanda ya san rawar da hukumar ta taka a Kongo zamanin Patrice Lumumba zai gane dalilin da wannan ya yi wa mutane ciwo. Adam Serwer ya mayar da martani a The Atlantic cewa abin da Killmonger yake nema daula ce, kuma ya koyi hanyarsa ne daga sojan Amurka da suka horar da shi. Hujjar Serwer ta fi kusa da abin da ke cikin fim ɗin, amma ta Lebron ta fi bayyana abin da 'yan kallo suka ji a ransu. Wurin da Killmonger ya tsare ma'aikaciyar gidan tarihi a Landan da tambayar yadda kakanninta suka samu kayan Afirka ya yaɗu sosai, domin ya zo watanni kaɗan bayan jawabin shugaban Faransa Emmanuel Macron na Wagadugu a kan mayar da irin waɗannan kayayyaki.

Kallo daga Afirka

An cika gidajen sinima a Legas da Accra da Nairobi da Johannesburg, kowa yana neman nasa a ciki. Harshen Wakanda Xhosa ne, wanda ɗan wasa John Kani ya shigo da shi. Mai tsara suturar fim ɗin, Ruth E. Carter, ta ɗauko bargon Basotho da hular matan Zulu da adon Masai da shigar Buzaye, an yi amfani da rubutun Nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya, mai tsara kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, kuma ya je Senegal ya yi aiki da mawaƙi Baaba Maal, ya cika sautin da gangar tama, 'yar'uwar kalangu. Wasu sun ga girmamawa a wannan haɗin, wasu sun ga an zuba nahiya guda a tukunya ɗaya an dama. Patrick Gathara, marubuci ɗan Kenya, ya rubuta a Washington Post cewa ƙasar da ta fi kowa fasaha amma take zaɓen shugabanta ta hanyar kokawa a bakin ruwa tsohon hoton da Turawa suka zana wa Afirka ne.

Ga ɗan arewacin Najeriya akwai wuri guda da ya fi kusa da gida. A farkon fim ɗin T'Challa yana dira a dajin Sambisa ya kuɓutar da mata daga ayarin 'yan bindiga, abin da kowa ya gane ishara ce ga 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014. Kwana uku bayan fitowar fim ɗin, ranar 19 ga Fabrairu, aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a jihar Yobe. A fim an gama ceton cikin 'yan mintuna don a gabatar da jarumi da masoyiyarsa, labari ya wuce bai waiwayo ba. Wasu Musulmi 'yan kallo sun kuma koka cewa rantsuwa da Allah ta fito ne daga bakin ɗan ta'adda yana barazanar harbi, kuma kusan nan ne kaɗai Musulunci ya leƙo a fim ɗin da ya ɗauki adon Sahel. Wannan ƙorafi yana da tushe, sai dai bai samu wuri sosai a sharhin jaridun Amurka ba.

Lambobin yabo da abin da ya biyo baya

A Agustan 2018 hukumar Oscar ta sanar da sabon rukuni na finafinan da suka yi farin jini. Mutane suka ɗauka dabara ce ta ba Black Panther ladan ganin ido, aka yi ta suka har aka jingine shirin bayan wata guda. A 2019 ya shiga takara a rukuni 7, ya zama fim ɗin jaruman zane na farko da aka tsayar a rukunin gwarzon fim, wanda Green Book ya lashe. Ya ci 3: sutura, tsara wuraren ɗauka, da kiɗa. Carter da Hannah Beachler, wadda ta tsara wuraren ɗauka, su ne baƙaƙen fata na farko da suka ci rukunansu.

Boseman ya rasu ranar 28 ga Agusta, 2020, yana da shekara 43, sakamakon kansar hanji da aka gano tun 2016, wato yana jinya ya yi fim ɗin ba tare da jama'a sun sani ba. Marvel ta ƙi ba wani rawar T'Challa, matakin da ya raba masoya, domin wasu suna ganin bai kamata jarumin ya bi ɗan wasan zuwa kabari ba. Fim na biyu, Wakanda Forever, ya fito a Nuwamban 2022, ya tara kimanin dala miliyan 859, Carter kuma ta sake cin Oscar da shi a 2023.