Wasan Zambo da Masu Iko

A cikin shekarar 1664 wani Bafaranshe mai suna Moliya ya shirya wasan kwaikwayo da ake kira Tartuffe, aka yi shi a gaban Sarkin Faransa Luwi na 14 a fadarsa ta Barsai. Labarin wani mayaudari ne mai shigar masu tsoron Allah. Wani attajiri ya saukar da shi a gidansa, ya yi alkawarin ba shi 'yarsa, har ya mallaka masa dukiyarsa, shi kuwa baƙon ashe matar gidan yake nema. Sarki ya ji daɗin wasan, amma manyan limaman Kirista suka ce da addini ake yi, aka hana nuna shi ga jama'a. Sai a 1669 Sarki ya ba da izini. Daga nan wasan ya bazu, aka juya shi cikin harsuna masu yawa, har da na mutanen Holan, da Afirkans na Afirka ta Kudu wanda ya tsiro daga gare shi.

To, irin wannan zambo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sai dai nan an yanka masa lokaci da iyaka. Mutanen Jega da Aliero da Maiyama sun san tashe, wanda yara ke farawa idan azumi ya kwana goma. A ciki akan ga yaro ya naɗa rawani, ya liƙa gemun auduga, ya riƙe allo, 'yan'uwansa suna tuhumarsa da yin rawa, shi yana musu, alhali ƙafarsa ba ta tsaya ba. Malamin unguwa yakan yi dariya, ya ba su sadaka. Haka 'yan kama, masu zama kamar za su yi wa'azi, sa'an nan karatun duka ya ƙare a kan tuwo da miya. Mafi ban mamaki shi ne wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, su nuna tafiyar kowa da maganarsa da halinsa, har mai hali ya gane kansa. Duk waɗannan an yarda da su, domin kowa ya san ranar da za a tashi daga wasan, kowa ya koma matsayinsa.

Da boko ya zo sai al'amarin ya sake. A shekarun 1930 Dokta East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa saboda 'yan makaranta, yawancinsu daga tatsuniya da labarun gargajiya. Amma wanda ya fara ɗaura wa wasa kaifi shi ne Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen 1937 zuwa 1942. Ya shirya gajerun wasanni da dama. Ɗaya yana nuna yadda 'yan kasuwar Kano ke cutar mutanen ƙauye. Wani kuma, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo nauyin harajin da ake ɗora wa talakawa. Wannan fa ba gauta ba ce. Ba a cikin fada aka yi shi ba, ba kuma da yardar fada ba, masu yinsa kuwa samari ne waɗanda gobe za su riƙe alƙalamin En'e. Ba a buga wasannin nan littafi a zamanin ba. Moliya ya jira shekara 5 ne kawai, don Sarki yana bayansa. Malam Aminu ba shi da irin wannan jingina, gama da sarauta yake.

Abin da ya samu shiga maɗaba'a shi ne wasa mai gyaran hali. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, mai koyar da tsabta da kiwon lafiya. A 1959 Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi ya fito, Jatau Na Kyallu ya biyo a 1960. Waɗannan suna da zambo mai daɗi ƙwarai, amma bakinsu ya fi sauka a kan magidanta da sha'anin aure da ruɗin birni. Shi kuwa Malam Aminu, a 1950 ya bar aikin koyarwa, ya ɗauki maganar haraji da En'e ya kai ta dandalin jam'iyyar NEPU.