Yadda Nazarin Laifi da Hukunci Ya Shiga Jami'a a Ƙasar Sakkwato

Laifi da hukunci tsohon fage ne na malamai a ƙasar Sakkwato. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano wajen 1806 domin shiryar da sarakuna da alƙalai. A garuruwan ribaɗi irin su Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Danfodiyo ya zauna, alƙali ne ke yanke hukunci bisa mazhabar Malikiyya, dogarai su kamo mai laifi. A fadojin sarakuna kuma akwai Yari mai tsare fursuna, kuma daga sarautarsa sunan gidan yari ya fito.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun bar kotunan alƙalai, amma suka hana yanke hannu. Dokar Final Kod ta Arewa ta fara aiki a 1960. A ƙarshen shekarun 1960 'yan doka da gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya.

Duk wannan zamani tambayar ɗaya ce: wa ya yi laifi, mene ne hukuncinsa? Ilimin zamantakewa ne ya zo da wata dabam, wato me ke jefa mutum cikin laifi, kuma ko hukuncin na gyara shi. Emil Durkhaim na Faransa ya nuna a 1895 cewa babu al'ummar da ta rasa laifi, don haka dole a duba al'ummar kanta. A Najeriya fannin ya yi saiwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Femi Odekunle ya zama farfesan farko na nazarin laifuffuka a ƙasar. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Danfodiyo a 1988, kuma sashenta na ilimin zamantakewa ya kawo darasin kusa da 'ya'yan Tambuwal da Kebbe.

Abin nazari kuwa bai yi ƙaranci ba. Jihar Sakkwato ta dawo da hukuncin shari'ar Musulunci a 2000, dokar tarayya ta 2019 kuma ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali. Kebbe, da ke iyaka da Zamfara, ta ɗanɗana satar shanu da garkuwa da mutane. Kotu na hukunta wanda aka kama, amma dalilin da ya kai saurayi daji, ko rashin makiyaya ne, ko talauci, ko zalunci, sai bincike ke tono shi. Yankin na matuƙar buƙatar masu wannan ilimi daga cikin 'ya'yansa.